Hasumiyar fitilar teku: ta ina yaro zai fara zana ta?

Malamar aji huɗu, Gusau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu zane na cikin zauren nan. A littafin Turancin da muke karantawa da 'yan ajina akwai hoton doguwar hasumiyar nan da ake ginawa a bakin teku, mai fitila a ka, wadda ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Yara suka tsare ni da tambaya a kanta, na ce musu to ranar Laraba za mu zana ta. Jiya muka gwada. Yara 47, babu wanda tasa ta tsaya daidai. Ta wasu ta karkace kamar za ta faɗi, ta wasu kuma ta fito kamar tsani, saboda layukan ja da fari da suka ja a miƙe. Wata yarinya da ta fi kowa natsuwa a ajin ta yi ta gogewa har takardarta ta huje, ta kifa kai a benci tana hawaye. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah ta ina ake farawa? Sannan me ake kiranta da Hausa?

Mai zanen allon shaguna, Kano

Wa'alaikumus salam Malama. Shekarata 20 da wani abu ina riƙe da buroshi, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki wajena kuskurensa ɗaya ne: yana fara jan bangon hagu, sannan ya nemi na dama ya yi daidai da shi. Ba zai yi ba. Hannu bai san inda tsakiya take ba sai an nuna masa.

Ki sa kowa ya ninke takardarsa biyu a tsaye, ya danne da farce, ya buɗe. Wannan karin da ya fito shi ne ƙashin bayan hasumiyar. A ƙasa ya auna yatsa uku daga karin zuwa hagu ya ɗiga, yatsa uku zuwa dama ya ɗiga. A sama yatsa biyu kowane gefe. Sai ya haɗa ɗigon ƙasa da na sama da rula. Jikin ya samu ke nan, gindi da faɗi, kai a tsuke, kuma ba za ta karkace ba. Daga nan ya ɗora baranda, siririya, wadda ta ɗan fi wuyan hasumiyar faɗi ta kowane gefe, ya jera mata 'yan sanduna. A kan barandar ɗakin fitila, ɗan ƙarami mai gilashi, a kansa kuma hula kamar ƙwarya a kife. Ƙofa a ƙasa, kuma ki matsa musu su yi ta ƙarama sosai. Ƙanƙantar ƙofar ce ke gaya wa ido cewa ginin dogo ne. Idan ƙofar ta yi girma, sai abin ya koma kamar rumbu.

Kada su danna fensir tun farko. Kamar ana shafa kan jariri.

Malamin tarihi, Katsina

Kan maganar suna, Malama, ni "hasumiyar fitilar teku" nake cewa, kuma duk wanda ya ji ya gane. Larabawa suna ce mata manara, wato wurin haske, kuma da kalmar nan ɗin suke kiran hasumiyar masallaci ma. Ashe ba mu yi nisa ba idan muka ce hasumiya.

Wadda ta fi kowace suna a tarihi ita ce ta Iskandariyya a Masar, da aka kammala wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a tsibirin Faros. Tsawonta ya haura mita 100. Hawa uku ce: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kewayayye. Girgizar ƙasa ce ta yi ta cin ta, musamman ta 1303 da ta 1323. Shahararren matafiyin nan Ibn Battuta ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ya tarar ko shiga ba ta yiwuwa. Wajen 1477 Sultan Ƙaitbay na Masar ya gina ganuwarsa a gurbinta, wadda har yau tana nan. Na kawo wannan ne don in kin so sauƙi, wannan siffa ta akwati a kan akwati ta fi sauƙin zanawa ga ƙananan yara.

Baban yara biyar, Funtuwa

Ni fa ku yi haƙuri, ina da ja. Yaron Gusau da ko kogin Kwara bai taɓa gani ba, me ya haɗa shi da hasumiyar teku? Ga rumbu a bayan gidansu, ga turmi, ga tulu, ga hasumiyar Gobarau a nan Katsina da ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Zane ai kallo ne. Abin da ido bai gani ba, hannu kwaikwayon hoton wani kawai zai yi. Shi ya sa yarinyar ta yi kuka, an ce ta fitar da abin da babu shi a kanta. Haka aka yi mana muna yara, muka yi ta zana tuffa da gida mai bututun hayaƙi, alhali ko ɗaya ba mu taɓa gani ba.

Malamar aji huɗu, Gusau

Baban yara, maganarka tana kan hanya, kuma mun zana tulu da tukunya a zangon da ya wuce. Amma wannan karon su ne suka nema. Wani yaro ya tambaye ni wa ke kunna fitilar, kuma in ruwa ya taso ina yake kwana. Yaron da ya yi irin wannan tambaya ba na son in ce masa ba ruwansa da teku.

Dattijo daga zango, Ankaran Gana

'Yata Malama, Allah ya yi miki albarka da wannan amsa. Ni a zango aka haife ni, kakana daga ƙasar Hausa ya zo da fataucin goro, kuma na girma ina ganin irin hasumiyar nan da idona. Tamu tana unguwar Jamestown, dab da tsohon kurkukun James Fort. Ta farko an gina ta a 1871, wadda ke tsaye yanzu kuma ta shekarun 1930 ce, tsawonta mita 28, an shafe ta da ja da fari.

Bari in gaya miki abin da hoto ba ya nunawa. In ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, sai hularka ta nemi faɗuwa, kuma barandar ba gefenta kake gani ba, ƙarƙashinta kake gani. Fentin ba sumul yake ba, iskar gishiri ta cinye shi wuri-wuri, tsatsa ta zubo daga ƙarafan sama ta yi zirin ja-ja a kan farin. A ciki matattakala ce ke murɗawa har sama. Daga can kana hango kwale-kwalen masunta jere a bakin ruwa, kowanne da tutarsa, ga hayaƙin masu banda kifi yana tashi. Ki gaya wa yaran haka kafin su ɗauki fensir. Ɗana na Funtuwa, Bahaushe ya daɗe da isa bakin teku, daga Legas har Ankara har Bur Sudan. Jikokinmu da ke nan ba su taɓa ganin rumbu ba, amma ina so su iya zana shi. Na can ma a bar su su san namu.

Baban yara biyar, Funtuwa

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ce kada su sani ba. Cewa na yi a ba su abin da za su kalla da idonsu, ba hoton littafi kaɗai ba.

Ɗalibar zanen gine-gine, Zariya

To ai nan ne maganar Baban yara da ta Malama suka haɗu, domin abin kallon yana cikin ajin. Malama, ki kife bokiti a kan tebur. Siffar hasumiyar ke nan, gindi da faɗi, sama a tsuke, kuma kewayayye. Ki ɗaura masa ƙyalle ko tsumma ja guda biyu ko uku a matsayin layukan.

Yanzu ga abin da ya sa zanen yaran ya zama tsani. Layin da ya zagaye abu kewayayye ba ya fitowa a miƙe, sai in yana daidai da tsayin idon mai kallo. Ki ajiye bokitin a ƙasa su kalla daga sama, za su ga ƙyallen ya lanƙwasa ƙasa kamar gindin ƙwarya. Ki ɗaga shi sama da kansu, za su ga ya lanƙwasa sama kamar bakan gizo. Ki sauko da shi daidai idonsu, sai ya miƙe. Kada ki faɗa musu, ki bari su faɗa miki da bakinsu.

Tunda hasumiya ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kusan duk layukanta sama da ido suke, don haka sama za su lanƙwasa, kuma wanda ya fi nisa a sama ya fi lanƙwasa. Gindinta kaɗai ne ke ƙasa da ido, shi zai ɗan lanƙwasa ƙasa. To ina ne daidai ido a takarda? Layin nan da ruwa ya haɗu da sama. In mai kallo a ƙasa yake tsaye, layin zai ratsa bayan hasumiyar can ƙasa, wajen tsayin ƙofa. Yawancin yara suna kai shi tsakiyar takarda, shi ya sa ginin ke yin kamar yana nutsewa.

Abu ɗaya da ban yarda da Malam mai allo ba shi ne rula. Yaro in ya saba da ita, hannunsa ba zai taɓa sakewa ba.

Mai zanen allon shaguna, Kano

Ƙanwata, bayanin bokitin nan ya yi, ni da aiki na gane shi, ban taɓa jin an faɗe shi a fili haka ba. Amma kan rula ina nan a kan bakana. Ku da kuke jami'a kuna da shekaru a gaba. Malama minti 35 ko 40 take da shi da yara 47, ga wadda ta riga ta yi kuka. Yaro yana bukatar ya ga abu ya fito a hannunsa ranar farko, shi ne zai dawo gobe. Bango biyu kawai na ce a ja da rula. Lanƙwasar layuka, hula, duwatsu, ruwa, duk da hannu ne. In babu rula ma, gefen littafi ya isa.

Ɗalibar zanen gine-gine, Zariya

Na yarda da ranar farko, Malam. Amma a karo na biyu a ɗauke ta. Dalilina shi ne hasumiyoyi da yawa bangonsu ba a miƙe yake ba. Wani injiniyan Ingila, John Smeaton, da ya gina ta Eddystone a kan dutse cikin teku, aka kunna ta a 1759, siffar gindin bishiya ya kwaikwaya: ta baje a ƙasa, ta shigo ciki a hankali, sannan ta miƙe. Nauyin yana taruwa a ƙasa, igiyar ruwa kuma ba ta samun faffaɗan bango da za ta daka. Daga baya aka kwance samanta aka sake ɗora shi a garin Plymouth, yana nan da layukansa ja da fari. Irin wannan lanƙwasa rula ba ta bayarwa. Yaro ya je ya dubi yadda gindin kuka ko tsamiya ke shiga ƙasa, zai gane ta.

Ma'aikacin tashar jiragen ruwa, Legas

Salamu alaikum. Ni ba mai zane ba ne, amma na yi shekaru a bakin ruwa, kuma muna da tsohuwar hasumiya a nan wajen Tarkwa Bay. Ina so in gyara wani abu, kada yara su ɗauka layukan ado ne. Da rana fitila ba ta da amfani, don haka fentin ne ke gaya wa matuƙi wace hasumiya yake gani, daga nan ya san inda yake. Shi ya sa maƙwabta ba sa yin kala ɗaya. Ta Cape Hatteras a Amurka baƙi da fari ce, layukan suna murɗawa kamar an naɗe ta da rawani. Da dare kuma kowace da yadda take ƙiftawa, wata sau ɗaya ta huta, wata sau biyu ko uku a jere, kuma duk an rubuta a taswirar matuƙa. Saboda haka, Malama, ki bar kowane yaro ya zaɓi kalarsa da tsarin layinsa. Bai yi kuskure ba, haka abin yake a zahiri.

Tsawon ma da dalili. Duniya kewayayya ce, mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya hango abin da ya wuce kamar kilomita 5 a kan ruwan. Fitilar da ke mita 30 a sama kuwa haskenta yana kaiwa kusan kilomita 20 kafin doron ruwa ya tare shi. Kuma fitilar kanta ba wata ƙatuwa ba ce. Gilashin da ke kewaye da ita ne sirrin, zobe-zobe ne a jere da ke tattara hasken su tura shi waje ɗaya. Wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro shi, aka fara aiki da shi a hasumiyar Cordouan da ke Faransa a 1823. Yanzu jirage da na'urar GPS, mai nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, suke tafiya, fitilun da yawa ma da kansu suke kunnuwa babu mai gadi, amma matuƙi har gobe yana son ya ga hasken da idonsa ya tabbatar.

Ki gaya wa yaron da ya yi tambaya cewa a da akwai mai gadi, a nan yake kwana, shi ke hawa da mai kowace yamma, ya gyara lagwani, ya goge gilashi.

Maman tagwaye, Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Baban yara, ga abin da zai faranta maka. Mu a Nijar muna da hasumiyar babban masallacin Agadas, ta ƙasa, mita 27, an gina ta a 1515 aka sake ta a 1844. Gindi da faɗi, sama a tsuke, itatuwa sun fito a jikinta. Ayarin raƙuma daga nesa suke hango ta su san sun iso gari. Ka ga aikin ya yi kama da na ta teku, har tsawon ma mita ɗaya ne tsakaninta da ta su Baba. Sai dai ita kusurwa huɗu ce, don haka layinta ba ya lanƙwasa. In an zana su gefe da gefe yaro zai ga bambancin kewayayye da mai kusurwa.

Tambayata biyu. Tagwayena suna son su sa tsuntsaye a sama, mahaifinsu kuma ba ya son zanen mai rai a gida. Sannan yaya ake yin hasken? Sun shafa ruwan ɗorawa a farar takarda, bai fito ba.

Malamin tarihi, Katsina

Hajiya, hukuncin zanen mai rai a bar wa malaman fiƙihu, kuma a bi abin da maigida ya natsu da shi. Alherin wannan darasi shi ne ba ya bukatar mai rai ko ɗaya. Gini ne da dutse da ruwa da gajimare. In sama ta yi musu fili da yawa, su sa jinjirin wata da taurari, ko jirgi ɗan ƙarami can nesa a kan layin ruwa.

Mai zanen allon shaguna, Kano

Hajiya, haske ba a shafa shi, barin sa ake yi. Takarda ba ta da abin da ya fi farinta haske, don haka duhun za a zana. Su ja layi biyu marasa nauyi daga ɗakin fitila, a haɗe a wajen fitilar, suna buɗewa yayin da suke nisa, kamar hasken tocila a cikin ƙurar hunturu. Tsakanin layukan kada a taɓa. Duk sauran saman a cike shi da fensir, a kwantar da bakinsa a yi ta shafawa, sannan a murza da auduga ko ɗan yatsa. Fensir mai lambar 2B a jikinsa ya fi na yau da kullum mai lambar HB baƙi, in babu kuma gawayin murhu yana yi sosai. In sun riga sun baƙanta ko'ina, su yanki kilina ta yi baki, su ja ta daga fitila zuwa waje. In suna son ruwan ɗorawa, kaɗan a kusa da fitilar ya isa.

Jikin hasumiyar kuma a zaɓi gefe ɗaya a yi masa inuwa, ta yi duhu a kusa da baki, tana raguwa zuwa tsakiya. A haska bokitin da tocila daga gefe, za su ga yadda take kwanciya.

Baban yara biyar, Funtuwa

Bokiti da tocila da hasumiyar Agadas. In haka za a yi, na janye rabin jana. Rabin da ya rage shi ne a zo a yi wa Gobarau irin wannan zama.

Malamar aji huɗu, Gusau

'Yan uwa, na dawo da labari. Yau muka sake. Na fara da karanta musu abin da Baba na Ankara ya rubuta, ajin ya yi tsit. Sannan na kife bokitin wanke allo, na ɗaura masa jan ƙyalle biyu, na hau kujera na ɗaga shi. Na ce me kuka gani? Wani daga baya ya ce, "Malama, ya lanƙwashe!" Na sauke ƙasa, suka taso suka kewaye shi, suna ta gardama a kan ko ƙyallen ne ya motsa. Sai da na bar uku daga cikinsu suka ɗaga da hannunsu.

Ninke takardar ya yi aiki, babu wadda ta karkace sai 'yan kaɗan da suka ninke a gicciye. Inda muka sha wahala shi ne baranda, da yawa sun manta su lanƙwasa ta kamar sauran layukan, sai ta zauna a kai kamar faranti. Hasken dare ba mu kai gare shi ba, lokaci ya ƙare, kuma fensir 2B guda 6 kawai na samu a kasuwa, don haka gawayi za mu gwada mako mai zuwa.

Yarinyar nan ta yi tata kore da fari. Ta zana ƙofar ƙanƙanuwa, ta sa taga uku a jere suna hawa, ta ce nan ne matattakalar take bi. Ba ta nemi kilina ba ko sau ɗaya. Ta tambaye ni ko za ta iya kai wa babanta, na ce sai na ɗauki hotonta tukuna.

Ɗalibar zanen gine-gine, Zariya

Masha Allah. Kan barandar, Malama, ki ɗora faranti ko murfin tukunya a kan bokitin ki sake ɗagawa, za su ga ƙarƙashinsa kamar yadda Baba ya ce. Gawayin kuma ki zaɓi mai laushi, ki sa kowa ya shimfiɗa wata takarda a ƙarƙashin hannunsa don kada ya shafe farin hasken.

Dattijo daga zango, Ankaran Gana

'Yata, ki turo mana hoton ta kore da farin nan. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sa jikana ya kai ni Jamestown, mu ɗauko muku tamu daga gindinta, yadda yaran za su ga barandar ta ƙasa.